Sifili Raba Sifili a Gadar Nyamphala

Fitilar kore ce, kuma abin da ya hana ni haɗiye mandasin da ke bakina ke nan, wato irin fankenmu na nan. An kwana ana tsuga ruwa a kan duwatsu, an wayi gari ana yi, har kwatar da ke gaban ofishinmu a Limbe ta tumbatsa tana kwashe wa mutane silifa. Amma babban allon da ke jikin bangonmu yana nuna kore shar, wai kogin Nyamphala lafiya lau yake.

Mu uku ne a ofishin. Ni Tiyamike da Limbani, mu ke rubuta manhaja, sai mai gidanmu Bambo Kachingwe, wato Baba Kachingwe, wanda ya kafa wurin. Aikinmu guda ne. Mun dasa na'urori uku a kogin, ɗaya a ƙarƙashin gada can sama, ɗaya a mashigin shanu, ɗaya a bakin ƙauyen Kalombo. Suna auna tsayin ruwa su aiko mana, manhajar ta haɗa awon ukun ta yanke hukunci. In ruwa ya wuce iyaka, sai ta kunna jiniyar da ke kan dogon ƙarfe a tsakiyar ƙauyen, mutane su hau tudun makaranta. Daga gada zuwa Kalombo kuwa, ruwa yana isa kafin wake ya nuna a tukunya.

Na ajiye kofin shayi na ce, "Achimwene, zo ka ga abin kirkinka."

Haka nake kiransa, wato yayana, ko da yake na girme shi. Tsokana ce, saboda Limbani irin mutanen nan ne da ba a taɓa yi musu tambaya su rasa amsa ba. Ko yadda ake yaye yaro ka tambaye shi, sai ya gyara zama ya yi maka bayani, alhali ko budurwa ba shi da ita.

Bai ɗago daga kwamfutarsa ba ya ce, "Kore ce, Achemwali. Ki ci mandasinki." Haka shi ma yake kirana, wato yayata.

"Na ga kore, ba makauniya ba ce ni. Dubi ƙasanta."

A ƙarƙashin fitilar akwai ɗan gurbi inda tsayin ruwa yake fitowa da ƙananan lambobi. Babu lamba a ciki. Haruffa uku ne kawai, NaN.

Wannan NaN ɗin yana da tarihi a wurinmu. Bara ɓarayi suka sace batirin na'urar gada. A lokacin muna bin al'adar tsofaffin ma'aikatan ruwa, in babu awo sai a cike gurbin da tara guda huɗu, 9999. Duk wanda ya taɓa aikin kogi ya san ma'anarta "babu". Kowa ya sani ban da kwamfuta. Ita ta ɗauka ruwa ne ya kai sama ta bakwai, ta saki jiniya da rana tsaka, ga hadari ya haɗu. Limbani ɗan Kalombo ne, mahaifiyarsa Amayi Nachisale tana can. Ya kira ta a gigice ya karanto mata lambar, ya ce ya tabbata, ta gudu. Ta gudu kuwa. A hanyar tudu santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye. Ruwa bai zo ba. Ɓarayi ne suka zo, suka bi gidajen da aka bari a buɗe suka kore awaki. Tun daga nan da sanda take tafiya, daga ɗaki zuwa murhu sai ta huta. Mai garin Kalombo ya aiko mana cewa in jiniyar nan ta sake yi musu ƙarya, zai sa a tumɓuke ƙarfen a sayar wa 'yan gwangwan.

Bayan wannan aka kafa dokoki biyu. Ta farko, ba mai kunna jiniya da hannu sai mutum biyu cikin mu uku sun sa kalmar sirrinsu. Ta biyu, an kori 9999, Limbani ya kawo NaN. Wata aba ce da kwamfuta take da ita a cikin lissafinta, tana zama a gurbin lamba amma ita ba lamba ba ce. Har yau ina tuna yadda ya yi mana bayaninta, yana taɓa allo da biro. Ya ce, "Wannan ita ce mai gaskiya. Ba ta cewa ruwa ya yi yawa, ba ta cewa ya yi kaɗan. Cewa take ban sani ba." Kuma ya ce ya rubuta layin da zai mai da fitila rawaya duk lokacin da NaN ta bayyana, don mu san mun makance. Ni lokacin da aka rubuta layin ina gida ina jego. Bambo Kachingwe ne ya duba masa, a waya, a wurin bikin 'yar ƙanwarsa.

Limbani ya taso ya tsaya a bayana. Ya ce, "Ai da rawaya ta kamata ta nuna."

"Ato. Ni ma abin da na gani ke nan."

Na buɗe manhajar na gangara zuwa layin. Ban daɗe ina nema ba. Ya rubuta, in tsayin ruwa daidai yake da NaN, a kunna rawaya. Na juyo na kalle shi, na ga shi ma ya gani, don bakinsa a buɗe yake.

NaN ba ta yin daidai da komai. Ka tambayi kwamfuta ko NaN ta fi biyar, ta ce a'a. Ko ta gaza biyar, a'a. Ko NaN daidai take da NaN, ita da kanta, nan ma a'a. Saboda haka rawayar nan ba za ta taɓa kamawa ba har a tashi duniya. Layin da ke ƙasa kuma yana tambaya ko ruwa ya wuce iyaka, amsar a'a ce, sai kore. Ga wani ƙarin bala'i, duk lambar da aka tara da NaN ita ma NaN take komawa, kamar ɗigon kananzir a tulu. Na'urar gada ɗaya ta kashe bakin sauran biyun. Ko kogin ya hau kan rufin coci, allon nan kore zai ci gaba da nuna mana.

Na ce, "Bambo! Ku zo."

Bambo Kachingwe ya fito daga ɗan lungunsa da tabarau a goshi. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ke sa ni jin kamar in fasa kofi. Ya saurare mu har muka gama, ya ce, "To, kuskure ne, a gyara. Batiri aka sake sacewa, ba wani abu ba. Na faɗa muku a yi masa kejin ƙarfe."

Na ce, "In kuma ba batiri ba ne fa?"

"Me sauran biyun suke cewa?"

Na raba awon na duba kowanne shi kaɗai. Na mashigin shanu ya ɗan hau, bai kai rabin iyaka ba. Na bakin ƙauye ko gezau. Na gada kuwa yana hawa a hankali tun safe, bai kusa iyaka ba shi ma, sai kwatsam ya koma NaN daidai lokacin da muka ɗora shayi.

Bambo ya ce, "Kin gani? Ruwa ba ya tashi daga gwiwa ya taɓa gada a numfashi ɗaya."

Limbani ya ce a hankali, "Nyamphala yana yi." Ba mu yake kallo ba. "In duwatsu suka sako shi, a tsaye yake zuwa, da itatuwa a gaba."

Ni wani abu ne yake cina. NaN ba ta faɗowa daga sama, sai an yi ta. Na ce, "Limbani, a wuri nawa kake ƙirƙirar abin nan?"

"Nan ofis. In saƙo bai zo daga na'ura ba, sai manhajar ta kira NaN da sunanta ta sa a gurbin."

"Nan kaɗai?"

Ya ja kujera ya zauna kamar an tura shi. Ya ce, "Akwai na cikin na'urar."

Na'urar gada a kife take, tana kallon ruwa daga sama. Tana sakin wata 'yar ƙara ƙasa, ta saurari dawowarta, ta haka take sanin nisan ruwan. Takan yi haka sau da yawa, ta tara waɗanda suka dawo da kyau, ta raba da yawansu. In ko ɗaya bai dawo da kyau ba, abin da ta tara sifili ne, yawansu ma sifili. Sifili raba sifili. Ɗan makaranta zai ce ba ya yiwuwa ya ajiye biro. Kwamfuta ba ta gardama, miƙo maka NaN take yi ta ci gaba da harkarta.

Na buɗe saƙonnin kamar yadda suke shigowa. Suna nan. Suna zuwa a kan lokaci, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma yanzu ya shigo. Batiri a cike. A gurbin tsayin ruwa, NaN. Ba a ofishinmu aka haife ta ba, daga gada aka aiko ta.

Na ce, "Bambo, ba a sace komai ba. Na'urar tana da rai, gani ne ba ta yi. Wani abu ya rufe mata baki."

"Zanzaro," in ji shi. "Ya taɓa yi mana gini a ta mashigi, kin manta?"

"Zanzaro a cikin wannan ruwan? Kuma ya gama gini kafin shayi ya tafasa? Haba Bambo!"

"To leda. Iska ta manna mata leda. Ko reshe. Tiyamike, za ki iya rantsewa ruwa ne?"

Ba zan iya ba, kuma ya san ba zan iya ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Leda tana iya yi, mun taɓa gani. Ya kira mai shagon da ke bakin gada don ya leƙa mana, wayar a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ni dai na san mutumin nan ba ya kashe waya, da ita yake sauraron ƙwallo.

Na jawo allon jiniya na sa kalmar sirrina. Na ce, "Ga tawa. Saura ɗaya."

Bambo ya girgiza kai. "Ba zan sa ba sai wani ya gani da ido. In muka tayar da mutanen nan a kan leda, an gama. Za su cire ƙarfen, ranar da ruwan gaske zai zo ba jiniya, ba mu, ba kowa. Ba taurin kai nake yi ba, ki gane."

Gaskiya ya faɗa. Muka juya gaba ɗaya muka kalli Limbani.

Yana zaune ya sa hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa. Zufa ta keto masa duk da sanyin da ake yi. Mutumin da ke da amsar komai ya yi tsuru-tsuru yana kallon maɓallan kwamfuta kamar ba su ya wuni yana dannawa ba.

Na ce, "Limbani, sa."

"Amayi ba ta iya gudu, Tiyamike."

"Shi ya sa za ka sa yanzu, tun da sauran lokaci!"

"Ni na karya ta," in ji shi. "Ni na ce mata na tabbata. In na sake fito da ita cikin taɓon nan ta faɗi, a banza..."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, duk a lokaci guda. Ni in abu ya haɗe mini haka faɗa nake yi. Na ce, "Kai, kalle ni! Wake yana kan wuta tun ɗazu, kai kana nan kana kukan bara. In ba za ka sa ba, kira ta. Kira ta ka ji muryarta, sannan ka faɗa mini za ka bar ta a ɗakin."

Ya ɗauko waya ya kira, ya buɗe ta yadda duk za mu ji. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, na san sandar ake nema.

"Limbani? Ka ci abinci?"

"Na ci, Amayi. Yaya kogi?"

"Kogi yana inda ka bar shi. Ya ɗan yi ja, shi ke nan. Ganyen kabewa nake gyarawa, me ya faru?"

"Amayi, ina so ku hau tudu."

Muna jin ruwa yana dukan kwanon rufinta, da wata kaza tana ƙorafi kusa da wayar. Can ta ce, "Da wace ƙafar?"

"Maƙwabcinku Bambo Zuze yana da amalanke. Ku aika ya ɗaura shanu."

"Oho. Abin naka ne ya sake yin mafarki? To nawa ya ce wannan karon? Bara ka karanto mini tara, tara, tara, har na gaji da ji. Yau nawa ne?"

Na matso kusa da kunnensa na ce da raɗa, "Ce mata ya taɓa gada. Faɗi kowace lamba, don Allah, ta dai tashi!" Har ga Allah da ni ce da na yi ƙaryar, ko ido ba zan ƙifta ba.

Ya kalle ni, ya kalli haruffa ukun nan da ke kan allo. Ya ce, "Bai ba da lamba ba, Amayi."

"Kamar yaya bai ba da lamba ba?"

"Na'urar gada tana aiki, amma ta daina ganin ruwan. Wataƙila leda ce ta rufe ta. Wataƙila ruwan ne ya kai ta."

"To ruwa yana zuwa ko ba ya zuwa?"

"Ban sani ba."

Na dafe kai. Na ce a raina shi ke nan, ya kashe maganar. Bambo Kachingwe ya sauke tabaransa daga goshi ya riƙe a hannu.

"Me ka ce?" in ji ta.

"Na ce ban sani ba, Amayi."

"Tabɗi." Ta ja numfashi. "Tun kana ɗan firamare ban taɓa jin wannan kalmar a bakinka ba. Ranar da ka ɓatar da mu a hanyar asibiti ma cewa ka yi ka san hanya. Bara ka ce mini ka tabbata."

"Na ce."

"Yau kuma ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Tsoro kake ji?"

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya ce, "Ina ji, Amayi. Sosai."

Muka ji ƙarar kwano an ajiye shi a ƙasa, sai ƙwanƙwasar sanda. Ta ce, "To buga abin naka, mutane su ji. Bari in ƙwala wa Zuze kira. Amma ka ji da kyau, in na hau tudun nan a banza, kai za ka zo ka goya ni ka sauko da ni, a gaban kowa."

Ya jawo allon ya sa kalmar sirrinsa. Ta ƙi, yatsunsa sun zame. Na kama wuyan hannunsa na ce, "A hankali, Achimwene." Ya sake sawa. Ta cikin wayar muka ji jiniyar ta tashi, tun tana gurnani har ta miƙe, karnuka suka ɗauka. Amayi ta ce wani abu da ba mu ji ba, layin ya katse.

Bambo Kachingwe ya ce, "Kun san abin da kuka yi?"

Kafin ya rufe baki wayarsa ta ɗau ƙara, mai garin Kalombo ne. Daga inda nake ina jin ihunsa. Yana cewa ga kogi nan a gabansa ko gwiwar yaro bai kai ba, yana cewa yau sai ya ga bayan ƙarfen nan, yana tambaya wane mara kunyar ne ya kunna. Na zuba wa Bambo ido, na ɗauka zai ce yaran ofis ne suka yi gaban kansu. Ya bari mutumin ya gaji, sannan ya ce da sanyin nan nasa, "Ni na sa a kunna, ranka ya daɗe. In ƙarya ce, gobe ni zan kawo muku gatari. Yanzu dai a fara da tsofaffi da yara." Ya kashe wayar ya zauna a kan teburina, abin da ya hana kowa yi. Ranar na yafe masa abubuwa da dama.

Sai jira. Ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Na bar awon mashigin shanu a buɗe, muka kewaye shi mu uku. Lambar tana nan inda take. Ta ɗan motsa, ta koma. Shayi ya huce, ƙuda ya faɗa ciki. Na fara lissafa abin da zan ce wa mai gari, da yadda Limbani zai kalli mahaifiyarsa, da ko leda ce ɗin bayan duk wannan. Na tsinci kaina ina roƙon Allah ruwan ya zo, sai kunya ta kama ni, na koma ina roƙon kada ya zo. Limbani yana ta kiran wayar Amayi, tana shiga ba a ɗauka.

"Ta bar ta a ɗaki," in ji shi. "Kullum haka take yi."

Sai lambar mashigi ta yi tsalle. Ba hawa ta yi ba, tsalle. Saƙo ɗaya tana ƙasa da rabin iyaka, na gaba ta wuce iyakar gaba ɗaya. Na bayansa kuma NaN.

Bambo ya ce, "Yesu!"

Limbani ya miƙe tsaye. "Kwarin," in ji shi. "Hanyar tudu ta kwari take bi. Shi yake fara cika." Ya ce shanun Zuze tsofaffi ne, ko a busasshiyar hanya sai an lallashe su. Ya kira Zuze, ba ta shiga. Ya kira mai gari, ba ta shiga. Ya koma kan ta Amayi, wannan karon ko ƙara ba ta yi ba.

Awon bakin ƙauye ya fara hawa a gaban idonmu, yana tsallake lambobi. Ya wuce iyaka. Ya ƙara. Sai shi ma ya koma NaN, daga baya saƙonnin suka daina zuwa ɗungurungum. Na ɗaga kai na kalli bango, fitilar nan tana nan kore shar. Wani irin haushi ya turnuƙe ni. Na zauna na goge layin Limbani na rubuta wani, in tsayin ruwa bai yi daidai da kansa ba, a kunna rawaya. NaN ce kaɗai ba ta yarda ita ce kanta ba, ta nan ake kama ta. Layi ɗaya ne tak. Allon ya koma rawaya, ba wanda ya ko kalla.

Limbani ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, wayar tana kan gwiwarsa. Bai ƙara kiran kowa ba. Na zauna kusa da shi. Masu facin taya da ke ƙasan benenmu suna ta buga ƙarfe suna dariya, ba su san komai ba. Ruwan sama ya tsagaita, ya sake dawowa.

Wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya kasa ɗauka, ni na danna masa. Hayaniya ce ta fara shigowa, kukan yara da na awaki, sai muryar wata mata tana cewa, "Ga shi, Agogo kakarmu, yi magana, ya ɗauka."

"Limbani?"

Ya buɗe baki, sauti bai fito ba.

"Kai, kana ji na ko wayar malamar ce ba ta da kyau?"

"Ina ji, Amayi. Ina ji."

"To samo biro." Faɗan yana nan a muryarta. "Ka san mangwaron gidanmu, wanda ka faɗo daga kansa? Ruwa ya kai reshe na biyu. Daga nan nake hango shi. Sa wannan a abin naka, tunda ba shi da lamba."

Ya yi wata irin dariya da kuka a haɗe. Ya ce, "Kun ji ciwo?"

"Ban ji ba. A kwari ya tarar da mu, ya kai wa shanu ƙirji. Zuze ya yanke musu igiya ya bar amalanken, ya goya ni kamar buhun masara. Sandata ta tafi. Kaji sun tafi. Mai gari yana ta zagayawa yana kiran sunaye, har yanzu dai kowa yana amsawa." Muka ji tana jan hanci. Da ta sake magana faɗan ya fita daga muryar. "Ba a ganin rufin, Limbani."

"Amayi..."

"Na ce za ka zo ka sauko da ni. To babu inda za ka sauko da ni ɗin. Ka dai zo."

Ya miƙe yana laluben aljihu, yana juyawa a tsakiyar ofis, ban san me yake nema ba, shi ma bai sani ba. Bambo Kachingwe ya zaro makullin motarsa, ya kalli Limbani, ya fasa ba shi. Ya ce, "Mu je, ni zan tuƙa. Tiyamike, ki zauna da allon."

Na naɗe sauran mandasin a takarda na cusa wa Limbani a aljihun riga, na ce ya kai mata, ba ta ci komai ba. Na tsaya a taga ina kallonsu suna tsallake kwata, har suka shiga motar.